Motar Riruwai Da Bijimin Inna

Na sayi motata ta farko ban murɗa makullinta ko sau ɗaya ba sai bayan an gama ciniki, kuma laifin Baffa ne. Na daɗe ina faɗar haka a gabansa, shi ma ya daɗe yana musu, har yau bai amsa ba.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a gefen Kiru, kullum ina zuwa daga Badafi a kan babur. Ba zan yi ƙarya in ce ba na son a gan ni a mota ba, ina so ƙwarai. Amma abin da ya fi matsa mini shi ne Inna, mahaifiyata. Gwiwoyinta sun gaji, ga yayarta tilo da ta rage mata tana can ƙauyensu na haihuwa bayan Bebeji, ta tsufa tukuf, sun yi shekaru ba su ga juna ba. An taɓa gwada ɗora Inna a babur, mutum biyu suka cicciɓe ta, ba a kai bakin gari ba ta ce a sauke ta, ta rantse ba za ta sake ba. Na ce to a ɗauko mata shatar mota, ta ce almubazzaranci ne.

Da na ce "ta ce", ba ni ta gaya wa ba. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kama sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. Ina tsaye a gabanta za ta juya wajen matata ta ce a gaya masa kaza. Idan matata ba ta kusa, sai ta gaya wa turmi ko kazar da ke wucewa, ni kuma in tsinci saƙona a nan. Haka na taso, ban taɓa jin abin ya dame ni ba.

Na haɗa ɗaukar adashinmu na malamai, na sayar da babur ɗin, duk da haka kuɗin ko tayoyin motar kirki ba za su saya ba. Ina cikin wannan jugum sai Baffa, ƙanin mahaifina, ya zo mini da saƙo. Inna tana da shanun huɗa guda biyu da ake ba da su haya da damina, ta ce a sayar da ɗaya a cika wa yaron nan. Matar da ta ce shatar kwana ɗaya almubazzaranci ce ita ce ta raba shanun huɗarta saboda mota. Na yi ta juya abin a raina ban gane kansa ba, na dai ji nauyinsa.

Baffa dillalin shanu ne. Ya taso yana bin rugagen Fulani na wajen Dangora, ya ci kasuwannin kara har ba ya iya tuna adadinsu, kuma a ganinsa duk abin da ake saye a duniya dangin sa ne. Shi ya sayar da bijimin, don haka ya ce dole ya raka kuɗin ya ga inda za su kwana. Wani abokin aikina ya ba ni labarin wani mai sayen ma'adinin kuza a Riruwai da ke son rabuwa da motarsa da araha, sai muka sa rana, ni da Baffa da sandarsa.

Tun a motar haya ya fara kafa mini dokoki. Kada in yi murmushi. Kada in taɓa motar, kada in leƙa cikinta, kada in kuskura in tambayi makulli. Ya ce a kara, da zarar mai saye ya kama igiyar dabba kafin a sallama masa, mai dabbar ya gane ya kamu, sai kuɗi ya hau. Ni aikina in tsaya nesa in ɓata rai kamar an tilasta mini zuwa. Na ce masa mota fa ana gwada ta. Ya ce ai shi ma ba a makance yake sayen shanu ba, mai abu ake sa wa ya kora a ga tafiyarsa.

Duk wanda ya san Riruwai ya san gari ne na duwatsu, hawa da sauka. Gidan mutumin yana can saman wani tudu, sai da muka yi haki kafin mu kai. Motar tana ƙofar gida, hancinta yana kallon gangare, an tokare tayar gaba da wani ƙaton dutse. Na ce a raina, ga mutum mai kula da kayansa. Asalinta fara ce, amma ƙofa ɗaya ja ce, murfin but kuma shuɗi, kamar an haɗa ta da kyauta daga gidaje uku. Duk da haka da na gan ta sai da ta shiga raina. Na tuna da doka, na murtuke fuska, na koma gindin wata bishiya.

Bayan doguwar gaisuwa Baffa ya shiga aiki. Ya zagaya motar sau uku a hankali, hannu a baya. Ya ɗaka mata duka a bayanta da tafin hannu ya saurara. Ya danna kowace taya da babban yatsa. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta ko tana zubar da wani abu, ya shinshina bututun hayaƙi, sannan ya sa aka buɗe masa gaba, ya daɗe yana kallon injin yana gyaɗa kai kamar mai ƙirga haƙora. Ya gano fitila ɗaya ta fi ɗaya girma, ya riƙe wannan da kyau don ranar ciniki. Da ya miƙe ya kaɗe gwiwarsa, sai ya yi tsaki ya ce ta rame.

Mai motar, wani dattijo mai fara'a, ya rantse injin lafiya lau, ba ta shan baƙin mai, ba ta taɓa haɗari ba. Daga baya na tabbatar duk abin da ya rantse a kai gaskiya ne. Baffa ya ce a kora ta mu gani. Mutumin ya shiga, ya bar ƙofa a buɗe, ya miƙo ƙafa ya ture dutsen, motar ta fara gangarawa shiru ba ko ƙara. Sai da ta yi nisa kaɗan ta yi wata 'yar girgiza, ta yi tari, injin ya kama. Baffa ya matso kusa da ni ya raɗa mini cewa ka ga mai ladabi, ba ta tashi da hayaniya. Mutumin ya zagayo ya hawo, ya juya ta ya sake saita hancinta ƙasa, ya mayar da dutsen. Wannan ma na gani da idona, na ƙara yaba tsarinsa.

Cinikin ya kai mu har rana ta take tsaka. Baffa ya taya, aka ce albarka, ya kawo zancen fitila, aka ce albarka. Sau biyu yana tattara babbar rigarsa ya kama hanya, na biyun har muka sauka rabin tudun, ina bin sa, yana ce mini kada in waiwaya. Aka kira mu muka sake hawa. Daga ƙarshe mutumin ya ce ya sallama, aka yi addu'a, aka raba goro, aka miƙo takardu. Gaskiya Baffa ya rage kuɗi sosai, wannan ba zan hana shi ba. Mai motar ya ce hanyar sauka tana da duwatsu, bari ya kai mana ita bakin titi da kansa. Ya miƙa mini ita a kunne, ya yi mana fatan alheri, ya juya ya hau tudunsa da sauri fiye da yadda na zaci shekarunsa za su bari.

Tuƙina a lokacin na koyo ne, a motar wani mai injin casar shinkafa na koya. Na riƙe sitiyari da hannu biyu muka wuce Doguwa, muka ratsa dajin Falgore, Baffa yana gaba da sanda tsakanin gwiwoyinsa. In na ɗan ƙara gudu sai ya yi irin sautin da ake yi wa shanu don su lafa. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan tafiyar ba. Har na fara hango Inna a kujerar baya.

A Tudun Wada muka tsaya shan mai da sallar azahar. Da muka dawo na zauna, na yi bisimilla, na murɗa makullin motata karo na farko a rayuwata. Fitilun gaban direba suka kawo, amma ban da wannan ko ƙwas. Na sake murɗawa, na sake, har yatsana ya yi zafi. Baffa ya ce gajiya ce, tun daga Riruwai ba ta huta ba. Wasu masu sayar da rake suka tausaya mana suka tura, ta tashi, muka kama hanya ban sake kashe ta ba sai ƙofar gida.

Unguwa ta fito kallo, mata suka yi guɗa. Inna ta dogaro sanda ta zo bakin zaure, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wa matata a gaya masa jar ƙofar nan ba ta yi kama da 'yan'uwanta ba. Matata ta ce mini ta ga tana share ido da bakin mayafi da ta juya.

Washegari ma ba ta tashi ba. Baffa ya zo ya duba ya ce baƙunta ce, ko saniya in ta zo sabon gida sai ta yi kwana uku tana ƙin kiwo, a ƙyale ta ta saba da wuri. Abin kunya, na ƙyale ta. Ni da nake koya wa yara kimiyya na yi kwana uku ina zuwa makaranta a ƙafa da roƙon a rage mini hanya, ina jiran mota ta saba da Badafi. Rana ta huɗu na koma neman masu turi.

Unguwarmu kuwa shimfiɗe take kamar faifai, ko ƙwallo ka ajiye ba za ta gangara ba. Makon farko mutane suna turawa da dariya, har ana rige-rige. Mako na biyu sai na lura da zarar na fito da makulli a hannu, majalisar ƙofar gidanmu take watsewa. Wani ya tuna bai ba akuya ruwa ba, wani ya miƙe alwala da hantsi, wani da muka yi wasan ƙasa tare ya fara ɗingishi yana hango ni. Na ji haushinsu ƙwarai, ko da yake da ni ne su da tun ranar uku na gudu.

Na ja Baffa muka kai ta wajen wani bakanike a Kwanar Dangora. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta, ya ɗan jima, sai muka ji yana dariya daga can ciki. Ya fito riƙe da wani gutsuren gwangwanin madara da tsumma. Ya ce abin da ke tayar da injin in an murɗa makulli, wanda suke kira kik, ba lalacewa ya yi ba, babu shi ne gaba ɗaya, da wannan gwangwanin aka rufe gurbinsa, kuma daga ganin tsatsar an yi shekaru. Ya tambaya, shin da za mu saya ba mu murɗa makulli ba? Na juya na kalli Baffa. Baffa yana can ya ƙura wa wata tirelar shanu ido kamar ya ga ɗan'uwansa a ciki.

A hanya na fashe. Na ce a mayar da ita. Ya ce an sallama, an yi addu'a, an ci goro, shi bai taɓa komawa kan ciniki ba, ba kuma zai fara a kan ƙarfe ba. Na ce dokarsa ce ta ja mana. Sannan ya ƙara da cewa:

"Kai ɗan nan, wane sa ka taɓa gani yana tashi daga kwance don kansa? Ai sai an taɓa shi."

Kuɗin kik, ko na hannu ne, ba ni da su sai wata ya mutu, wataƙila ma sai na gaba. Na roƙi matata kada Inna ta ji. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, in na wuce turke na ga bijimin da ya rage yana tsaye shi kaɗai, sai in ji kamar ni na sace ɗan'uwansa na sayo gwangwanin madara.

Ana haka saƙo ya zo daga Bebeji cewa jikin Yaya, kamar yadda Inna ke kiran ta, ya matsa, tana ta tambayar ƙanwarta. Inna ta ce a gaya masa jibi za a je. Ta ƙulla daddawa da kuka da kwalbar man shanu, ta fito da zaninta na ƙasan akwati. Ni kuma na bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya har na sami mutum huɗu da suka yi mini alkawarin turi. Sai ga ruwan farko ya sauka kafin asuba. Da gari ya waye duk mai ƙafa ya ɗauki sungumi ya tafi shuka, har da mutanena huɗu, kuma ban ga laifinsu ba.

Na fito na tarar Inna ta riga ta shiga. Tana zaune a baya, ƙullin kayanta a cinya, tana kallon gaba. Ni da matata muka gwada turawa, motar ta matsa kamar taku biyu a cikin jiƙaƙƙen rairayi ta tsaya. Na jingina da but ina haki, na ji hawaye na neman zubo mini. Matar nan ta ba da sa guda don wannan safiyar.

Sai na ji takun kofato. Baffa ne ya ɓullo daga bayan gida janye da bijimin Inna, da igiya mai kauri a kafaɗa. Bai kalle ni ba. Ya durƙusa ya ɗaure igiyar a ƙarfen ƙasan motar, ya haɗa ta da bijimin, ya ce in shiga in yi abin da nake yi in ana turi. Bijimin ya ja, motar ta biyo shi salin alin, amma tafiyar huɗa yake yi, taku ɗai-ɗai. Na saki kuloci, motar ta yi shaƙuwa ta mutu. Muka sake, haka. Mun kusa ƙarshen layinmu ke nan, tsofaffin da ba su je gona ba duk sun fito bakin ƙofa.

A karo na uku Baffa ya waiwayo ya ce in danna hon. Na danna. Bijimin da tunda aka haife shi ba a taɓa yi masa ihu irin wannan a gindin wutsiya ba ya zabura ya zuba a guje. Baffa yana riƙe da igiyar hanci yana bin sa, babbar riga tana tashi, hularsa ta yi nata wuri, yana kiran sunayen Allah. Na saki kuloci, motar ta yi girgiza, ta yi tari, ta kama. Na taka birki da ƙarfi don kada in hau bijimin da ya taimake ni. Baffa ya dawo yana numfashi sama-sama ya kwance igiyar, ya leƙo ta taga ya ce mini ai ya gaya mini sai an taɓa.

Matata ba ta biyo mu ba, Baffa ya tsaya lallashin bijimi. Sai da muka hau titi na gane cewa ni da Inna ne kaɗai a motar, ba wanda za a ba saƙo, ko kaza babu. Muka wuce Kwanar Dangora shiru, muka karya ta Bebeji shiru. Ni kuwa tunanina ɗaya, in mun isa ina zan sami masu turi a ranar shuka, ga man da ke ciki ba zai isa in bar ta a kunne har yamma ba. Muna shiga ƙauyen sai na ji ta yi gyaran murya, ta yi magana tana kallon bayan kujerata.

"A sauke ni a ƙofa, sannan a zagaya bayan gida. Akwai gangare daga gindin tsamiya zuwa rafi, nan muke mirgina muna yara. A juya hancinta ƙasa, a sa dutse."

Ashe ta sani. Ban san tun yaushe ba, ban kuma tambaya ba. Na sauke ta, matan gidan suka tare ta, na zagaya na sami tsamiyar da gangaren yadda ta faɗa, na nemi dutse na tokare. Na zauna a inuwa don in ba su wuri kafin in shiga gaisuwa.

Tsamiyar tana jingine da katangar ɗakin Yaya, tagar kuma a buɗe take. Na ji kukansu, na ji dariyarsu, na ji ana kwance ƙullin daddawa. Can sai Yaya, wadda kunnenta ya yi nauyi, ta tambaya wa ya kawo ta. Inna ta ce yaron nan ne. Yaya ta ce wane yaron? Inna ta ce na wajenki mana, babban. Yaya ta ce ita fa ba ta gane ba, yara sun yi yawa, a faɗa mata suna. 

Sai na ji Inna ta faɗi sunana. Yaya ta ce wa? Ta sake faɗa da ƙarfi, yadda ko mai wanki a rafi zai ji.

"Motarsa ce," in ji ta. "Shi ya tuƙo ni da hannunsa tun daga gida, ko rami ɗaya bai faɗa da ni ba."

Ramukan da na faɗa da ita a ranar sun fi goma. Ina zaune a gindin tsamiya, da gemuna da 'ya'yana uku a gida, na ji sunana a bakin mahaifiyata karo na farko, na kifa kai a gwiwa na yi kuka sosai. Sai da na wanke fuska da ruwan da na tanada don lagireto sannan na iya shiga na gaishe su.

Da la'asar na zagaya na ture dutsen, motar ta gangara shiru, kafin rafi ta yi tari ta kama, na zagayo na ɗauki Inna a ƙofa. Yaya ba ta ga kakar wannan shekarar ba, wannan ce ganawarsu ta ƙarshe. Muka kamo hanya har muka shiga Badafi. Da na tsaya a ƙofar gida matata ta fito tarye, Inna ta miƙa mata hannu ta sauka a hankali, ta ce a gaya masa ya ƙara wa san nan dusa yau.